Haruffan Kawu Masu Ƙugiya

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi shekaru masu yawa yana koya wa manya karatu da rubutu cikin Hausa, tun daga ƙauyukan Kornaka har rugagen da ke arewacin Dakoro. Da ya ajiye aiki bai ajiye alƙalami ba. Duk ranar kasuwa sai ya ɗauki sandarsa ya nufi wajen da ake cinikin bisashe, ya zauna cikin makiyaya yana tambayarsu sunayen ciyayi da itatuwa: wadda ke kawo nono, wadda ke kumbura cikin tunkiya, wadda ke fara fitowa bayan ruwan farko. Yakan rubuta sunan da Hausa, ya rubuta da Fillanci a gefe, sannan ya ƙara abin da aka gaya mishi game da amfaninta. A haka ya cika littattafai tara irin na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta.

Ni kuma a lokacin ina kula da wani ƙaramin ɗakin karatu da malaman makaranta suka haɗa kai suka buɗe a unguwarmu. Muna da littattafai kanta uku, da tabarmi, da benci biyu, da tsoffin injunan ordinater, wato kwamfuta, guda biyar da aka ba mu kyauta. Wata ƙawata da muka yi kolej tare, wadda yanzu aikin ordinater take yi a Maradi, ita ce ta zo ta tayar mana da su. Ta sa musu tsarin da ake kira Linux, ta ce shi ne ba ya neman a saye shi, kuma shi ne ke iya tafiya da tsohon inji ba tare da ya gaji ba. Guda ɗaya ta ajiye min a ɗan birona, wato ofishina, ta gyara madannansa yadda zan iya buga Hausa sosai. Sauran huɗun suna babban ɗaki, inda mutane ke zama.

Da idon Kawu ya fara rauni, sai ya kira ni gidansa wata ranar hantsi. Na tarar da shi a ƙarƙashin itacen bedi, littattafan nan tara a ɗaure da igiya bisa cinyarsa.

"Ɗiyata," ya ce, "gara ta fara lasar na farkon. Ni kuma rubutun hannuna ya soma ɓace min. Ki ɗauke su ki zuba cikin injinki, ko wani ya amfana."

Na ce mishi to. Na yi wajen wata huɗu ina bugawa, daga bayan girbi har zafi ya fara shigowa. Kullum da safe kafin mutane su taru nake yin shafi biyu ko uku. Ƙawata ta buɗe mana shafin intanet, ta nuna min yadda zan riƙa ɗora rubutun, kowace ciyawa da gurbinta. Na zaɓi wani tsari mai kyan gani, haruffansa sirara masu tsabta, kansa kore. Duk lokacin da na ɗora sabon abu sai in duba a injin birona, in ga ya fito, in rufe. Sau ɗaya ban taɓa tashi na je babban ɗaki na duba a sauran injunan ba.

Ranar da na gama littafi na ƙarshe, na aika a gaya wa Kawu ya zo ya gani. Ya zo bayan la'asar, ya sa babbar rigarsa ta zuwa suna. Na zaunar da shi gaban injin da ya fi kowanne faɗin allo a babban ɗaki, don idonsa ya samu sauƙi. Na buɗe shafin, na ja da baya ina jiran yabo.

Ya fiddo gilashin da yake ƙara girman rubutu da shi, ya matsa kusa. Ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Mi ne ne wannan?" ya ce.

Na leƙa. A inda ya kamata a ga ƙarangiya, sai ga wani ɗan akwati a farkon kalmar, sannan "arangiya". Ɗatsi ya zama akwati da "atsi". Yaɗiya ta tsage biyu, akwati a tsakiyarta. A layin Fillanci abin ya fi muni, don akwai kalmomin da akwatuna biyu suka jeru cikinsu. Duk harafin da ke da ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, babu shi, an sa akwati a gurbinsa. Sauran haruffa kuwa suna nan garau.

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Kawu, wallahi ɗazun nan na duba, lafiya lau yake."

"Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma wani ya cinye min haruffa."

Na rufe shafin na sake buɗewa. Na kashe injin na kunna. Na koma na biyu, na uku, na huɗu, duk akwatuna. Na ruga birona, can kuwa ga ƙarangiya tsaye da ƙugiyarta. Na duba a wayata, ita ma ta nuna haruffan. Na dawo na tsaya bayan Kawu. Abin da ya zo min a baki shi ne abin da kowa ke yi in yana rubutu a waya.

"Ko in cire ƙugiyoyin ne kawai? Ai mai jin Hausa zai gane."

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye gilashinsa bisa tebur ya ce, "A littafi na huɗu na rubuta maganar saniya mai baƙin baki. Cire ƙugiyar ki karanta min."

Na ce, "Mai bakin baki."

"To kin ji. Wanda ya iya karatu sosai zai laluba ya gane. Ni waɗanda na koyar, da girma suka koya, harafi-harafi suke bi kamar mai tsince tsakuwa cikin wake. In kika rubuta mishi kasa, kasa zai karanta, ba zai ce ƙasa ba. Ki nemi ƙawar nan taki."

Na kira ta nan take, na sa muryar a fili don Kawu ya ji. Bayan ta gaishe shi, ta tambayi gida da jiki, sai na kwashe labari na gaya mata. Ta yi ƴar dariya ta ce, "Ƙawa, ki kwantar da hankalinki. Wannan maganar polis ce."

Kawu ya gyara zama. "Polis kuma? Mi muka yi musu? Sunan ciyawa ne fa kawai."

Ta yi dariya har sai da ta ba shi haƙuri. Ta ce, "Baba, ba polis na kaki ba. Da Faransanci, salon zanen haruffa shi ma polis ake ce mishi. Kamar yadda kowane malami ke da hannunsa, haka inji ke da hannuwa iri-iri. Wani hannun ya iya zana ƙ, wani bai taɓa ganinta ba."

Ta ce in duba cikin akwatunan da kyau, ko akwai wani abu a rubuce. Ni ban ga komai ba, sai Kawu ya kanga gilashinsa. Ashe akwai ƴan mitsi-mitsin lambobi a ciki. Ya karanto mata na ƙarangiya: sifili, ɗaya, tara, tara.

"Madalla," ta ce. "Lambar ƙ ke nan. Harafinku yana nan, Baba, ba wanda ya cinye shi. Injin ya san da shi, zana shi ne bai iya ba."

Sai ta yi mana bayani yadda muka gane. Tsarin da na zaɓa wa shafin yana amfani da wani salon rubutu da aka yi don harsunan Turawa, babu haruffanmu a cikinsa. In inji ya ci karo da harafin da salon bai da shi, yakan ara daga wani salon da ke ajiye cikinsa. Injin birona yana da inda zai ara, waya ma haka. Amma injunan babban ɗaki, ita da kanta ta rage musu kaya ranar da ta tayar da su, don su yi sauƙin tafiya, ta cire duk abin da take ganin ba a buƙata. Cikin abin da ta cire har da salon da ke da ƙugiya.

"Laifina ne," ta ce. "Ban kawo a raina ba."

Kawu ya ce, "Wanda bai yi aiki ba shi ne ba ya kuskure. Yanzu mi za a yi?"

Ta gaya min sunan salon da zan sauko da shi daga intanet, wanda aka zana musamman don harsunan Afirka, kuma kowa na iya ɗauka. Na gwada a ranar, na gwada washegari. Rezo, wato layin intanet, a wancan makon kamar ruwan rijiya a bazara yake, sai ya ɗan taru ya ƙafe. Abin ya kai rabi ya tsinke, in sake daga farko. Da ta ga haka sai ta zuba shi cikin kile, ƴar na'urar nan da ake ɗaukar rubutu a ciki, ta naɗe a takarda ta ba wani direba da ke zuwa Dakoro. Motar ta samu matsalar taya a Sabon Maci, sai kwana biyu bayan nan saƙon ya iso hannuna, takardar duk ta sha man inji.

Da safe na kira ta, na maƙale wayar a kafaɗa, tana faɗa ina yi. Ta ce in buɗe wani dosiye, wato jakar ajiya ta cikin inji, da sunansa ya fara da ɗigo. Na duba sama da ƙasa ban gan shi ba. Ta ce ai duk dosiyen da ya fara da ɗigo ɓoye yake, sai an danna maɓallai biyu tare yake bayyana. Na danna, sai ga su sun fito da yawa, waɗanda na yi shekara biyu ina zaune da injin ban san suna nan ba. Na kwafe salon na zuba a inda ta ce. Daga nan ta sa na buɗe wata baƙar taga da babu komai cikinta sai ɗan layi yana ƙiftawa. Nan ne na ɗan ji tsoro, don na sha jin cewa in ka yi kuskure a wurin sai inji ya lalace.

"Ba abin da zai lalace," ta ce. "Za ki gaya mishi ne kawai ya sake ƙidaya salon da yake da su."

Ta faɗo haruffan ɗaya bayan ɗaya, na buga. Injin ya amsa da Faransanci cewa bai san wannan umarni ba. Muka sake, ya maimaita. Sai a karo na uku ta ce in karanto mata abin da na rubuta, ashe na manne kalmomi biyu ban bar fili tsakaninsu ba. Na gyara. Layin ya ɗan yi shiru, ya dawo bai ce komai ba.

"Bai ce komai ba," na gaya mata.

"Haka yake. In ya yi shiru, ya yarda."

Na rufe shafin na sake buɗewa. Akwatunan sun tafi. Na yi haka a injuna huɗun, sannan na aika wa Kawu.

Wannan karon bai sa babbar riga ba. Ya zauna, ya kanga gilashi, ya bi layi uku a hankali. Na ga bakinsa na motsi. Can ya ce, "Sun dawo, alhamdu lillahi. Amma dubi nan. Wannan ƙ ɗin ta fi ƴan uwanta kauri, kuma ta ɗan fi su tsawo. Kamar an sa akuyar maƙwabta cikin garke."

Gaskiya ya faɗa. Sauran haruffan sirara ne, masu ƙugiyar kuwa aro ne daga sabon salon, sun fi duhu, sun fi jiki. Ana karantawa sarai, amma ido na tuntuɓe da su a kowane layi. Ni dai na gaji, kuma a raina abin ya wadatar. Na ce, "Kawu, ai yanzu ana ganewa."

Ya jingina da bango, ya naɗe ƙafa ɗaya bisa bencin. Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce lokacin da suka fara aikin koyar da manya, keken rubutun da ke birosu na Faransanci ne, babu ƙugiya ko ɗaya. In an buga darasi, sai a bar k da d da b haka nan, a kawo mishi takardun. Shi zai zauna da alƙalami ya bi kowace takarda yana lanƙwasa wa haruffan kai da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ajin mutum talatin, takarda talatin. Wani lokaci a kan amalanke yake yi, ana tafiya ana girgiza, ƙugiyar ta fito a karkace. Ya ce akwai wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Kornaka da ta taɓa tambayarsa, mi ya sa haruffan Nasara ke fitowa da kyau daga inji, namu kuma sai an yi musu faci.

"Na ce mata wata rana za a gyara," ya ce. "Ta rasu da daɗewa. Ni ba na son ki wahala, ɗiyata. In ba ya yiwuwa, a bar shi haka, na gode. In kuwa yana yiwuwa, ina son in gan su duka hannu ɗaya."

Bayan ya tafi na sake kiran ƙawata. Ta ce yana yiwuwa, kuma dama shi ne gyaran gaskiya. Abin da muka yi da safe injunanmu kaɗai ya warkar. Duk wanda ya buɗe shafin a wani gari da inji irin namu, akwatuna zai gani. Maganin shi ne a sauya salon shafin gaba ɗaya zuwa wanda ke da haruffanmu, kuma a ajiye salon cikin shafin kansa, yadda duk wanda ya buɗe zai same shi tare da rubutun. Ta ce za ta rage mishi nauyi, ta bar haruffan da muke buƙata kawai, don kada mai raunin rezo ya yi ta jira. Da ya zama ƙarami, ta turo min ta waya ya iso ba wahala.

Ta so ta yi sauran aikin daga Maradi, na ce a'a, ta koya min. Ta nuna min wata takarda a bayan shafin, inda aka rubuta umarnin launi da girma da salon rubutu. Kafin in taɓa komai ta sa na kwafe ta na ajiye gefe. Na nemo layin da ke ɗauke da sunan tsohon salon, na goge, na rubuta sabon. Na adana, na buɗe shafin. Sai na ga koren kan ya ɓace, rubutun ya watse, sunayen Fillanci sun gangaro ƙarƙashin na Hausa. Na ce, "Inna lillahi, na rushe shi."

"Ba ki rushe komai ba. Buɗe wadda kika ajiye, ki gwada su layi da layi."

Na jera su gefe da gefe. Wajen gogewa ashe na haɗa da wata ƴar alama mai kama da baka, wadda ke rufe umarnin. Na mayar da ita, komai ya koma mazauninsa. Rubutun ya fito bai ɗaya, ƙ da k tsayinsu guda, kaurinsu guda. Saura kanun shafuka, inda aka rubuta sunan kowace ciyawa da manyan baƙaƙe masu kauri. Can Ƙ da Ɗ suna nan a rame. Ta ce mai kaurin daban yake zuwa, ta turo shi, na ƙara layi ɗaya. Wannan da kaina na rubuta, ban jira ta faɗa min ba. Na tashi na zagaya injuna biyar ɗin duka, na duba a wayata, na roƙi wata malama da ta shigo aron littafi ta buɗe a tata.

Ranar kasuwa Kawu ya zo da baƙo, wani dattijon Bafillace abokinsa, wanda yawancin sunayen Fillancin daga bakinsa aka samo su. Baƙon ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, ya zauna ɗofane a gefen benci. Shi bai iya karatun boko ba, don haka Kawu ne ke karantawa a fili yana saurare. Na ƙara musu girman rubutun har Kawu ya ajiye gilashinsa. Ya sa yatsa ya bi layin farko har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da karatu.

Ba su yi nisa ba ya tsaya. "Ɗiyata, kawo takarda. Nan kin rubuta ƙarangiya da k. Nan kuma kin sa wa dashi ƙugiya, shi kuwa bai da ita."

Na ce, "Da akwatuna ne ai da ba ku gani ba."

Ya yi dariya. "Da na ɗora wa injin. Yanzu kuwa na san mai shi."

Kafin azahar na cika shafi guda da gyare-gyare, kuma duk nawa ne. Sai da suka kai kan wata ciyawa da Kawu ya rubuta cewa tana fitowa a jigawa, baƙon ya ɗaga hannu. Ya ce a'a, malam, wannan a fadama take, ta jigawa wata ce daban, kamanni ne kawai suke yi. Kawu ya ce shi da bakinsa ya gaya mishi haka shekarun baya, a gindin aduwar kasuwa. Baƙon ya ce to ko dai shi ya yi suɓul da baka, ko kuwa malam ya ji da kunnen da ba shi ba. Suka ja maganar cikin raha, ba wanda ya sauka. A ƙarshe suka yarda a bar ta sai ruwa ya sauka, a je a gani da ido.

Da damina ta zauna muka je. Baƙon ya aiko ɗansa babba da amalanken shanu, muka yi tafiyar rabin yini arewa da gari, ni da Kawu a zaune bisa buhu. Dattijon ya kai mu bakin wata fadama ya tsuguna ya tumɓuke ciyawar, ya sa wa Kawu a hannu. Daga nan muka hau jigawa ya tsinko ɗayar. Kawu ya murza su tsakanin yatsunsa, ya shinshina, ya ce lallai ganyen wannan ya fi kaushi. Ya tambayi sunan ta biyun, aka gaya mishi, ya sa aka maimaita sau biyu don ya ji inda harshe ke taɓawa. Na rubuta a bayan hannuna don ban zo da takarda ba. Muka sha nono a rugarsu, muka kamo hanya kafin hadarin da ke gabas ya iso.